Daga Gero Zuwa Hatsi, Daga Dagaci Zuwa Hakimi: Yadda Ake Hawa da Sauka a Kalmomi

Da kakar bara wani dattijo maƙwabcina ya same ni bayan sallar la'asar, ransa a ɓace, ya ce in rubuta masa takardar koke. Na daɗe ina wannan aiki a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, domin a karkara malamin firamare shi ne marubucin duk wanda bai yi boko ba. Na ɗauko biro na ce, "To Baffa, me za a rubuta?" Ya ce, "Rubuta wa manya cewa dabbobi sun cinye mini amfanin gona."

Gaskiya ya faɗa, kuma Hausarsa ba ta da aibu. Sai dai kalmomin nan uku, manya da dabbobi da amfanin gona, duk sun yi sama da yawa. Waɗanne manya, mai unguwa ko dagaci ko hakimi? Waɗanne dabbobi, awakin gari ko shanun makiyaya? Wane amfani, dawa ko wake ko gyaɗa? Mun kusa rabin sa'a ina tambaya yana amsawa kafin magana ta fito fili: shanu ne wajen 15 suka shiga da dare, suka ci waken da ake shirin roronsa, kuma takardar ta dagaci ce, ta hannun mai unguwa.

Tun daga ranar nake son in rubuta wannan jagora, saboda malaman makaranta irina, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma, da samarin da ake aika su kasuwa ko fada. Hausa tana da hawa-hawa a kalmominta. Wanda ya iya hawa ya kuma iya sauka, buƙatarsa tana biya da wuri, ba ya kuma ɓata wa kowa rai.

Mataki na 1: Tantance wane irin "sama" ake nufi

Mukan ce hatsi yana sama da gero, hakimi yana sama da dagaci, jiha tana sama da ƙaramar hukuma. Kalmar ɗaya ce a baki, amma dangantaka uku ce daban-daban, kuma yawancin ruɗanin da nake gani daga cakuɗa su yake tasowa.

Ta farko ita ce dangantakar iri. Gwajinta shi ne ka sa kalmomin biyu a cikin jimla mai "kowane". Kowane gero hatsi ne. Kowace tunkiya dabba ce. Kowace tsamiya itaciya ce. In jimlar ta zauna daidai, to kalmar ta biyu ta ɗauke ta farko tare da 'yan uwanta. Ni a aji ina kiran irin wannan uwar kalma, waɗanda ke ƙarƙashinta kuma 'ya'yanta. Lura cewa ba ta juyuwa: ba kowane hatsi ne gero ba.

Ta biyu dangantakar muƙami ce, wadda nake kira tsani. Gwada jimlar ɗazu ka ji: kowane dagaci hakimi ne? A'a. Dagaci ba wani nau'in hakimi ba ne, mutum ne daban mai kujera daban. Gwajin da ya dace a nan shi ne tambayar wa ke kai wa wa gaisuwa, wa ke karɓar umarni daga wa, kuma in magana ta gagari wannan, wurin wa ake tura ta.

Ta uku ita ce ta ɗaki a cikin gida. Ƙaramar hukumar Taura ba irin jihar Jigawa ba ce, yanki ce a cikinta. Unguwa tana cikin gari, gari yana cikin gunduma. Haka zangarniya take a jikin kara, kara kuma yana cikin dami.

Kafin ka rubuta ko ka buɗe baki a gaban jama'a, yi wa kalmarka waɗannan tambayoyi uku. Da zarar ka saba, ba ya ɗaukar ka numfashi biyu.

Mataki na 2: San 'ya'yan kowace uwar kalma, da inda iyakarta ta tsaya

Fara da abin da ke rumbunka. Kaura da farafara dawa ce. Dawa da gero da maiwa hatsi ne. Hatsi da wake da gyaɗa da riɗi da rogo duk amfanin gona ne. Hawa huɗu ke nan tun ba ka fita daga gida ba. A garke ma haka: sa da saniya da bijimi da karsana da maraƙi shanu ne, rago da tunkiya tumaki ne, akuya da bunsuru da taure awaki ne, dukkansu dabbobi ne, ko bisashe a bakin tsofaffi. Akwai kuma wani rabon da ya ratsa wannan, wato na asali: bunaji da rahaji da bokoloji a shanu, balami da uda da 'yanƙasa a tumaki. Mai sayen ragon layya a Maigatari ranar Alhamis, ko a Wudil ranar Juma'a, da waɗannan sunaye yake ciniki.

Abin da ya fi wuya shi ne iyaka. Shinkafa hatsi ce? In ɗan boko yana rubuta rahoto zai ce i, har da alkama da masara. Amma uwargida in ta ce hatsin gidan ya ƙare, gero da dawa take nufi, ko da akwai rabin buhun shinkafa a ɗaki. In ka yi yamma ko ka tsallaka Nijar, akwai wuraren da in an ce hatsi, gero kawai ake nufi. Wake kuwa ban taɓa jin manomi ya kira shi hatsi ba, duk da a kasuwar hatsi ta Dawanau ake sayar da shi tireloli-tireloli. Haka kaza. A darasin kimiyya tsuntsuwa ce, amma in yaro ya shigo ya ce tsuntsaye sun sauka a gona, babu wanda zai yi zaton kaji yake nufi, sai dai jan-baki ko buwa. Saboda haka kada ka ɗauka cewa iyakar da ke kanka ita ce a kan mai sauraronka. In maganar kuɗi ce ko alkawari, lissafa 'ya'yan da sunayensu.

Hausa tana da wasu 'yan dabaru na ƙera uwar kalma a inda babu ita. Babbar cikinsu ita ce kaya. Kayan miya ya ɗauke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa. Kayan ƙamshi ya ɗauke citta da kanumfari da masoro da kimba. Kayan aiki a bakin manomi fartanya ce da garma da lauje da magirbi, a bakin magini kuma wasu abubuwa ne dabam. Sai "su" a gaban suna: in aka ce "kwashe su fartanya ka shigar ɗaki", har gatarin da ke kusa za ka haɗa. Sai "da dangoginsu" da "da makamantansu" a ƙarshen lissafi. Iri da nau'i da jinsi da rukuni kuma su ne kalmomin da ake tambaya da su: wane iri, wane nau'i.

Bari in ɗan tsaya a kan zakka, domin a nan ne na fi ganin wannan ilimi ya zama na dole. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nisabin amfanin gona wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, jimla sa'i 300, wato mudun Annabi 1,200. Ana fitar da ɗaya cikin 10 in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin 20 in da wahalar ban ruwa aka noma. Tambayar da manomi ke yi kullum ita ce: gerona bai kai nisabi ba, dawata ma ba ta kai ba, amma in na haɗa sun kai, tunda duk hatsi ne, zan fitar? Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa shinkafa da gero da dawa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa ɗaya da ɗaya wajen cika nisabi. Alkama da sha'ir kuwa ana haɗa su, dangin wake ma ana haɗa su da junansu. A dabbobi sai abin ya juya. Mu muna da tumaki daban, awaki daban, ba mu da kalma guda da ta haɗa su su kaɗai, amma fiƙihu ya ɗauke su jinsi ɗaya: mai tumaki 25 da awaki 15 ya cika 40, zakka ta hau kansa. Ka ga ke nan abin da harshe ya haɗa shari'a tana iya rabawa, abin da harshe ya raba kuma ta haɗa. Duk wanda lissafinsa ya zo kusa da nisabi, ya je wurin malamin garinsu da sunan kowane amfani da adadinsa, kada ya je da kalmar hatsi kawai.

Mataki na 3: Zaɓi hawan da ya dace da buƙatarka

Akwai wuraren da sauka ƙasa wajibi ne. Na farko shagon kayan noma. Na taɓa ganin an aiki yaro ya sayo "maganin feshi" don wake, mai shago ya ba shi abin da ya fahimta, aka dawo da maganin ciyawa a maimakon na ƙwari. Allah ya taimaka wani ya karanta jikin robar kafin a zuba a tanki. Magani uwar kalma ce mai 'ya'ya da yawa, kuma wasunsu kishiyoyin juna ne. Ko a maganin ciyawar ma, akwai mai ƙone duk wani kore da ya taɓa, akwai mai zaɓe. Taki haka yake: na gargajiya ko na zamani, in na zamani ne yuriya ko kamfa ko sufa. In za ka yi aike, faɗi sunan abin, faɗi amfanin da za a sa wa, faɗi abin da ke damunsa.

Na biyu asibiti. Zazzaɓi da ciwon ciki da rashin lafiya duk kalmomin sama ne. Ma'aikacin lafiya yana son ya ji yaushe ya fara, da rawar sanyi ko babu, da amai ko gudawa, ciwon a wane gefe yake. Na uku gaban mai shari'a ko mai sulhu, inda "ya yi mini ɓarna" ba ta isa ba sai an ce wace ɓarna, a ina, yaushe, nawa. Na huɗu bashi da jingina. "Zan biya ka da hatsi in kaka ta yi" ta sha raba zumunci, saboda mai bin bashi gero ya sa a ransa, mai biya kuma ya auno dawa. A rubuta iri, a rubuta ma'auni, kwano ne ko buhu, a gaban shaidu.

Akwai kuma inda hawa sama shi ne hankali. Bahaushe yana cewa "iyalina ba su da lafiya" alhali matarsa guda yake nufi, kunya ce ta sa ya fake da kalma mai faɗi. Uwa takan ce "yaron nan" ta kauce wa sunan ɗan fari. Dattijon da ke sasanta miji da mata, bayan ya gama jin zagi da dukan da aka yi dalla-dalla a cikin ɗaki, in ya fito gaban dangi "saɓani" zai ce, don kada ya tona abin da ake son binnewa. Mai shela ma kalmar sama yake buƙata: in dagaci ya sa a yi sanarwa cewa kowa ya ɗaure dabbobinsa damina ta faɗi, da gangan aka zaɓi "dabbobi", don kada mai jaki ya ce ai awaki aka ambata.

Ni dai abin da nake bi shi ne: in ana son a gane abu guda a ɗauki mataki a kansa, a sauka, in ana son doka ta game kowa, ko ana son rufa asiri, a hau.

Mataki na 4: Haddace tsanin sarauta, ka kuma yi hattara da kalmar "sarki"

A ƙasar Kano da Jigawa tsanin hawa huɗu ne: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Mai unguwa shi ne ya san kowane gida da baƙon da ya sauka. Dagaci yana riƙe da gari da ƙauyukan da ke bin sa. Hakimi yana riƙe da gunduma, shi ya sa ake ce masa uban ƙasa. Sarki yana kan masarauta gaba ɗaya. Jigawa, wadda aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, tana da masarautu biyar: Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. In ka yi gabas wajen Haɗeja da Gumel, inda aka daɗe ana cuɗanya da Barebari, za ka riƙa jin sarautar bulama. In ka je baƙon wuri irin wannan, tambayi 'yan garin a wane hawa bulamansu yake kafin ka rubuta komai.

Uwar kalmar da ta haɗa waɗannan huɗu ita ce masu sarauta, ko sarakuna iyayen ƙasa in ana jawabi. Wannan ya nuna maka yadda tsani da uwar kalma suke haɗuwa a wuri ɗaya: dagaci da hakimi duk masu sarauta ne, wannan iri ke nan, hakimi yana gaba da dagaci, wannan kuma muƙami.

Kalmar sarki ita ce ke yawan kayar da baƙo da yaro. Ba duk wanda sarautarsa ta fara da "Sarkin" ne sarkin yanka ba. A Kano, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta manyan hakimai ne, kuma tare da Madaki da Makama su ne masu zaɓen sarki, amma dukkansu suna ƙarƙashin Sarkin Kano. A al'adance Sarkin Bai ne ke riƙe da Dambatta, Madaki Dawakin Tofa, Makama kuma Wudil. A ƙauyuka da yawa dagaci ma "sarki" mutanensa ke ce masa, kuma ba laifi ba ne a baki. Sai kuma sarakunan sana'a: sarkin noma, sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin aska, sarkin kasuwa, sarkin ruwa. Kowannensu shugaba ne a kan masu sana'arsa kawai. Sarkin pawa zai raba rigimar mahauta biyu a kan wurin kafa tukuba, amma rigimar iyakar gona ba tasa ba ce. Don haka in ka ji "Sarkin", saurari kalmar da ta biyo baya, ita ce ke nuna faɗin ikonsa.

Hakimi kuma yawanci yana da abu biyu: sarautar da aka naɗa shi, kamar Galadima ko Wambai ko Ciroma ko Turaki ko Tafida, da gundumar da aka ba shi. Ana iya samun mai sarauta babba da ba ya riƙe da ƙasa, yana zaune a fada. A rubutu ana fara kawo sarautar, sannan hakimcin.

Mataki na 5: Kada ka haɗa tsani biyu

Kusa da tsanin sarauta akwai na gwamnati: kansila a mazaɓa, ciyaman a ƙaramar hukuma, gwamna a jiha, shugaban ƙasa a tarayya. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta, aikin mulki na yau da kullum ya koma hannun wannan tsani. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, ƙasa gaba ɗaya 774. 'Yan sanda suna da nasu, daga kurtu zuwa kofur da saje da sufeto har kwamishina a jiha. Kotuna suna da nasu, kuma sunayensu ma suna faɗin hawansu: babbar kotu, kotun ɗaukaka ƙara, kotun ƙoli. Makarantar allo tana da nata tun kafin zuwan boko: ƙolo, titibiri, gardi, alaramma, gwani, gangaran. A masallaci akwai liman da na'ibi da ladan.

Yara sukan tambaye ni, tsakanin kansila da dagaci wa ya fi? Amsata ita ce ba a kan tsani ɗaya suke ba. Tambayar da za ta amfane ka ita ce wannan matsala ta wane tsani ce. Rikicin iyakar gona, ɓarnar dabbobi, baƙon da ba a yarda da shi ba, shaidar cewa wane ɗan gari ne: fara da mai unguwa. Famfon burtsatse da ya lalace, rufin aji da iska ta yaye, kwalbatin da ruwa ya cinye: wannan na kansila da ƙaramar hukuma ne, ko da yake sa hannun dagaci yana ƙara wa takardar nauyi. Jini ko sata da makami na 'yan sanda ne, a sanar da mai unguwa a lokaci guda. Rabon gado na malamai ne, in ya gagara sai kotu.

In ka gane tsanin, taka shi daga ƙasa. Tsallake mai unguwa a tafi wurin hakimi kai tsaye ba ya sa magana sauri. Abin da zai faru shi ne a tambaye ka ko dagacinka ya sani, a maido ka, ka dawo ka tarar da mutum biyu da ka nuna wa ba su isa ba. Akwai lokacin da tsallakewa ta halatta, wato in ƙarar a kan na ƙasan ne shi kansa, ko ka kai masa ya ƙi saurara. A wannan hali faɗi haka a fili a cikin takardar, cikin ladabi.

Kalmomi biyu ne ke ɗauke da wannan tsari a takarda: "zuwa ga" da "ta hannun". Ana rubuta wanda ake nufi a sama, sannan waɗanda takardar za ta bi ta hannunsu, ana saukowa: Zuwa ga Mai Girma Hakimin wuri kaza, ta hannun Dagacin gari kaza, ta hannun Mai Unguwar kaza. Takardar kuwa da ƙafa daga ƙasa take hawa, kowa ya gani ya sa hannu ya miƙa gaba.

Mataki na 6: Ƙananan kalmomin da ke nuna fifiko

Babba ita ce aka fi amfani da ita, kuma tana da fuska da yawa. Babban rago girman jiki ne, babban wa shekaru ne, babban limami muƙami ne, babban mutum daraja ce. Babbar riga da Babbar Sallah kuwa sun riga sun zama sunaye. Ga namiji babban, ga mace babbar, jam'i manyan. Manya ita kaɗai tana iya nufin dattawa, ko masu mulki, ko masu kuɗi, abin da ya sa ban yarda in rubuta ta a takardar Baffa ba.

Rarrabe "ya girme ni" da "yana gaba da ni". Na farko haihuwa ce, na biyu matsayi. Sau da yawa dagaci matashi ne, masu unguwanninsa sun haife shi. A zaman fada su ne za su cire takalmi su gaishe shi, shi kuma in yana da tarbiyya zai kira su Baba, ya sassauta murya. Uwargida ma haka: wadda aka fara aura ce, ko da amarya ta girme ta.

Uwa da uba suna aiki iri biyu da ya kamata a lura da su. Uba ya fi karkata ga iko da riƙo: ubangida, uban ƙasa, uban tafiya. Uwa ta fi karkata ga tushe da abin da wasu ke fitowa daga gare shi: uwar kuɗi wadda riba ke biyo baya, uwar ƙungiya mai rassa a ƙauyuka, uwar garke. Wannan ne dalilin da ya sa na zaɓi cewa uwar kalma. Iyaye kuwa uwar kalma ce da kanta, domin ta ɗauke baffa da kawu da gwaggo da inna. "Iyayen yarinya sun yarda" magana ce mai daɗi, amma ranar ɗaurin aure sai an san takamaimai wane ne waliyyi.

Ƙoli na nufin babu wani hawa a sama, don haka kada a sa ta sai a inda tsani ya ƙare. Mataimaki da na'ibi da wakili duk suna ƙasa da mai kujera, sai dai wakili yana magana da bakin wanda ya aiko shi, kuma a ranar ana ba shi girman kujerar.

Mataki na 7: Ba kowane hawa gaisuwarsa

Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne. Mai Martaba na sarkin masarauta ne. Mai Girma ana yi wa hakimi, ana kuma yi wa gwamna da manyan masu muƙamin gwamnati. A baki, "ranka ya daɗe" tana hawa kowane tsani, ga mace "ranki ya daɗe". "Allah ya ja zamaninka" da "Allah ya taimake ka" na masu sarauta ne. Malamin addini "Allah ya gafarta Malam" ake ce masa. Yallaɓai ta fi zama a ofis da wurin masu kaki.

Ina roƙon masu rubuta takardun gayyata da masu riƙe lasifika a taro su daina ɗaga mutum sama da hawansa don neman faranta masa. Kiran dagaci Mai Martaba a gaban hakiminsa kunya yake jawo masa, wani lokaci har da tuhuma. Haka kiran duk wanda ya sauke Alƙur'ani gwani yana rage darajar waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a tsangaya kafin su kai wannan matsayi. Alhaji da Hajiya shaidar zuwa Makka ce, ba muƙami ba. Malam kuwa ta yi faɗin da ta zama rigar kowa, ita ce mafakarka in ba ka san matsayin mutum ba. A jerin gaisuwar taro ana farawa daga sama a sauko, kuma in ka san za ka manta wani, rufe da uwar kalma: "da sauran iyayenmu masu sarauta da malamanmu".

Mataki na 8: Koya wa yara da abin da ke tsakar gida

Ba a buƙatar allo. Zuba gero da dawa da maiwa da wake da gyaɗa kaɗan-kaɗan a faifai, ka ce yaro ya ware waɗanda suna ɗaya ya haɗa su, ya faɗi sunan. In ya sa wake a cikin hatsi kada ka yi saurin cewa ya yi kuskure, tura shi ya tambayi kakarsa ya dawo da amsa. Daga nan sai wasan hawa da sauka: ka ce "kaura", na kusa ya ce "dawa", na gaba "hatsi", na gaba "amfanin gona", sannan a juyo. Wanda ya ce "buhu" ko "rumbu" ya fita, domin ya bar iri ya koma mazubi, kuma a nan ne za ka bayyana musu bambancin.

Tsanin sarauta kuma, sa su zana shi a ƙasa da tsinke, hawa huɗu, su rubuta sunan unguwarsu da garinsu da gundumarsu da masarautarsu a gefen kowane hawa. Su zana na gwamnati kusa da shi. Sai ka riƙa jefo musu matsala: an kama akuya a gonar wani, rijiyar makaranta ta rufta, wani baƙo ya kwana a kangon gida. Kowane yaro ya ɗora dutse a hawan da zai fara zuwa, ya kuma faɗi gaisuwar da zai yi in ya isa. 'Yan aji biyar da shida suna iya rubuta takardar gaba ɗaya, daga "zuwa ga" har sa hannu.

Takardar Baffa da muka rubuta a ranar, ita nake ba su su kwafa, bayan na cire sunaye. Ga yadda cikinta yake: "Bayan gaisuwa da ban girma, ina sanar da kai, ranka ya daɗe, cewa a daren Talata shanu wajen 15 sun shiga gonata da ke gabas da gari, bakin burtali, sun ci waken da ke rabin gonar. Mai unguwa ya je ya gani da idonsa tare da mutum biyu. Ina roƙon a kira mai shanun a zauna, a kimanta ɓarnar." Mai unguwa ya sa hannu a daren, da safe Baffa ya saka babbar rigarsa ya kai wa dagaci, aka sa musu ranar Asabar bayan azahar.